Wasiƙun da Suka Kwana a Adakar Malam Sule

Malumfashi,
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, haka ma ƙanwarka Rifkatu da maigidanta. Muna roƙon Allah ya tsare ka a kan hanya da wurin aiki, ya raba ka da haɗarin inji da cizon maciji, ya kuma haɗa ka da abokan tafiya masu hankali. Amin.

Bayan haka, akwai gyaran da ya wajaba in yi. Rifkatu ta gaya mini cewa ran Lahadi, bayan an tashi daga sujada, sa'ad da mutane suka kewaye ka suna yi maka sallama, ka ba su labarin rasuwar kakarka. Ka ce ma'aikatan gidan waya na Zariya ne suka ɓatar da wasiƙar da aka aiko mini, shi ya sa ban ga mahaifiyata ba kafin ta cika. A Funtua abin ya faru, ba a Zariya ba. Wasiƙun uku ne, ba ɗaya ba. Kuma ko guda ba ta ɓata ba: ma'aikatan gidan waya sun yi aikinsu daidai, hatimin da suka buga yana jikin ambulan har yau. Ban ga laifinka ba, domin abin da ka ji a gida ka faɗa, wanda kuwa ya fara faɗarsa a gida ni ne.

Na so in gaya maka wannan baki da baki kafin ka tashi jiya, amma kai ɗan fari ne, ka kuma san yadda muke. Ko sunanka ban saba kira ba sai a takarda. Saboda haka ka yi haƙuri da tsawonta, ka karanta ta a zaune.

Ga dalilin da ya sa na tono abin da ya shekara talatin a rufe. Za ka yi wata bakwai ko takwas kuna yawon haƙa rijiyoyin burtsatse, kuna kwana cikin motar tafi-da-gidanka, yau a wannan ƙauye, bayan mako biyu a wancan. Ni da kai muka tsaya a barandar asibiti likita ya gaya mana halin da zuciyar mahaifiyarka take ciki. Ya ce tana iya kai shekaru da yawa, tana kuma iya rikicewa cikin 'yan kwanaki. Ban hana ka tafiya ba, ba kuwa zan hana ba, domin aiki ne mai kyau, kuma ita kanta ta ce da Rifkatu a gabanka, “Ki gaya wa yayanki ya tafi, aiki ne.” Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da ka bayar. Ka ce, “Duk abin da ya taso a rubuta ofishinmu na Funtua, zai same ni.” Irin wannan magana na taɓa yi, kusan kalma da kalma, ina ɗan shekara ashirin da biyar.

A lokacin ina malamin lamba a aikin En'e. Da rani mukan ɗauki wata tsohuwar lori mai bodin katako, mu huɗu da direba, mu bi ƙauyuka muna yi wa mutane lambar agana. A cikin lorin muke ajiye gadajenmu da tukwanenmu, wani lokaci a cikinta muke kwana, wani lokaci a zauren dagaci. Ka ga ba kai ka fara ba, sai dai taku motar tana da taga da labule.

A Funtua ina haya a gidan wani tela, Malam Sule, wanda shagonsa ke kusa da tashar jirgi. Ban taɓa zama da mutum mai riƙon amana kamarsa ba. In ka kawo masa yadi ya ɗinka, ragowar ƙyallen da ba ta kai tafin hannu ba sai ya naɗe ya mayar maka. Domin wannan hali na zaɓe shi. Na ba kowa adireshinsa, na ce a rubuto mini ta hannun Malam Sule Tela. Da za mu tashi na ce masa, “Malam, in wasiƙa ta zo, ka ajiye mini.” Ya dafa ƙirji ya ce, “An gama.” Iyakar abin da na gaya masa ke nan. Ban ce ya aiko mini ba. Ban ce ya buɗe in ya ga ta fito daga gida ba. Ban gaya masa garuruwan da za mu bi ba, alhali jerinsu yana cikin aljihuna, da hannuna ma na kwafe shi.

Muka yi wata huɗu da kwana tara. Ran da muka dawo, da hantsi na shiga shagon. Ya tsayar da keken ɗinki ya miƙe.

“Malam Ishaya! Lale, lale! Kai, ka rame. Ba sa ba ku tuwo a dajin ne? Zauna, zauna. Amanarka tana nan, ko ƙuda bai sauka a kanta ba.”

Ya shiga ciki ya jawo adakarsa, ya ɗaga rigarsa ta Salla, ya fito da wani ƙunshi da ya naɗe cikin farin ƙyalle ya ɗaure da zare. Wasiƙu tara ne, duk suna warin maganin asu. Yana miƙo mini yana ba ni labari, fuskarsa cike da farin ciki.

“Direban nan naku ya zo har sau biyu, da ya shigo gari ɗaukar mai. Wai in akwai takardarka in ba shi. Na ce masa, kai a wa? Mai ita da bakinsa ya ce in ajiye, hannu da hannu zan mayar masa. In ta faɗi a hanya, me zan ce wa Allah?”

Na yi masa godiya. Na jera wasiƙun bisa ga ranakun hatimi, domin ko a lokacin haka nake. Uku daga ciki da rubutun malamin bishara na ƙauyenmu ne, can ƙasar Kafur, wanda yake rubuta wa mutanen gidanmu takarda. Ta farko ta ce Inna tana gaishe ni, jikinta ya ɗan motsa amma da sauƙi, ta ce in na sami sarari in leƙo. Ta biyu, bayan mako uku, ta ce jikin Inna sai addu'a, kuma tana yawan tambaya ko na sami takarda. Ta uku gajeriya ce. Ta ce sai haƙuri.

Malam Sule ya ga fuskata, ya tambaye ni, na gaya masa. Ya cire hularsa ya zauna a ƙasa gefen keken ɗinkin, dattijo mai furfura, yana salati yana kuka. Ya ce, “Malam Ishaya, ni na hana ka ganin mahaifiyarka.” A nan ne na ji cewa baffanka Tanko ma ya zo har shagon nemana. Da aka ce masa ina daji, ba a san wurin ba, sai ya ce ai ba komai, gaisuwa ce ta kawo shi, ya juya. Bai ga dacewar ya zazzage maganar gida a gaban baƙo ba.

Da na isa ƙauye aka tambaye ni, sai na ce gidan waya ne suka yi jinkiri. Da shekaru suka tura, jinkirin ya zama ɓata, Funtua ta zama Zariya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa mutuncin Malam Sule na kare. Akwai gaskiya a ciki, amma in na auna da kyau, kaina na fi karewa. Shi abin da aka ce ya yi ya yi, ya kuma yi shi fiye da yadda kowa zai yi. Allah ya jiƙansa.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, gaskiyar mutum ba ta isa ta kawo maka wasiƙa ba. Wanda ka bar wa wasiƙunka, ka gaya masa dalla-dalla abin da zai yi da su: wadda zai aiko, wadda zai riƙe, wadda zai buɗe, wanda zai ba, da ranar da zai bayar. Kada ka ce ai zai gane. Mutumin kirki in bai sami umarni ba, abin da ya fi tsare amana zai zaɓa, shi ne ya kulle ta a adaka.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, wanda ko mahaifiyarka ban taɓa gaya wa ba. Tsakanin wasiƙa ta farko da ta biyu, mun yi mako biyu a wani ƙauye na ƙasar Danja. Daga nan zuwa gidanmu tafiyar rabin yini ce a keke, kekena kuwa yana ɗaure a bayan lori. Lokacin matsar rake ne, har na sayi mazarƙwaila guda shida na ajiye wa Inna, domin tana sonta a koko. Lahadi biyu na samu ba aiki. Ta farko na yi wanki. Ta biyu na zauna ƙarƙashin tsamiya ina sake kwafe sunayen waɗanda muka yi wa lamba, domin abokin aikina ya rubuta su a karkace, ni kuwa ba na iya ganin layi a karkace in ƙyale. Tunanin gida ya zo mini, ba zan ce bai zo ba. Sai na ce wa kaina, da akwai wani abu da na ji. Ta ina zan ji, tun da ni da kaina na toshe hanyar? Mazarƙwailar nan na kai ta gida, aka rarraba wa masu zuwa gaisuwa.

Saboda haka, Haruna, kada ka taɓa ɗaukar shiru a matsayin lafiya. In Juma'a biyu suka wuce a jere ba ka ga rubutunmu ba, ka ɗauka hanyar ta toshe a wani wuri, ka tashi ka bincika. In kuma aiki ya kawo ku inda za ka iya zuwa gida ka koma a yini ɗaya, ka zo, ko an kira ka ko ba a kira ka ba. Wankin zai jira.

Kuskurena na gaba ya fi kama da abin dariya, ko da yake mahaifiyarka ba ta yi dariya ba. Shekara biyu bayan haka, ni da mahaifiyarka mun yi aure, aka sake tura mu yawo. Don tsoron abin da ya faru, sai na zarce wancan gefe. Na ce wa akawun ofishinmu ya buɗe duk abin da ya zo da sunana, ya karanta, sa'an nan ya bi ni da shi duk inda nake. Mahaifiyarka, wadda ta koyi rubutu a ajin mata na mishan, ta zauna ta yi kwana uku tana haɗa mini takarda, ta gaya mini a cikinta, da kunya da kewaye-kewaye, cewa tana da ciki. Cikinka ke nan. Akawu ya buɗe, ya karanta, ya karanta wa na kusa da shi. Sa'an nan ya aika da ita Faskari, ta tarar mun tashi. Aka tura ta Ɗandume, ta tarar mun tashi. Ta komo Funtua an soke adireshi sau uku. Ran da na dawo, tun daga bakin ƙofa masinja ya tare ni yana washe baki.

“Barka, Malam! Allah ya raba lafiya!”

Na ce, “Wa zai raba da wa?”

“Af! Ashe kai kaɗai ne ba ka ji ba? Ai har mai shara ya sani.”

Da labarin ya kai kunnen mahaifiyarka, ta yi shekara guda ba ta sake ɗaukar alƙalami ba. Abu biyu na koya. Wanda zai buɗe maka wasiƙa ya zama ɗan gida, wanda sirrinka sirrinsa ne. Sa'an nan wasiƙa ba ta bin mutum a baya ta cim masa. Gabansa ake aika ta, ta je ta jira shi. Don haka kowace takarda ka rubuto, ka faɗi inda kuke, da inda za ku koma, da inda za ku bayan can, ko da shugabanku bai tabbatar ba. Ka rubuta “ana tsammani” a gefe, za mu gane.

Yanzu bari in gaya maka abin da na yi, kada ka ji a bakin wani ka ce tsohon nan ya je ya kunyata ka. Ran Alhamis da ta wuce na hau bas na tafi Funtua, na nemi ofishinku. Na sami wani akawu mai fara'a, na gaishe shi, na ce ina ake ajiye wasiƙun ma'aikatan da ke daji. Ya nuna mini wani kwali a ƙarƙashin tebur, kusa da ƙafarsa.

Na ce, “Yaushe ake kai musu?”

Ya ce, “In an sami mai zuwa, Baba.”

Na ce, “Wa ke neman mai zuwan?”

Ya yi dariya ya ce, “Baba, kai ɗan sanda ne?”

Na ce, “Na fi ɗan sanda naci. Uba ne.”

Ya bar ni na duba kwalin, ban buɗe ta kowa ba, hatimi kawai na karanta. Na ga wata da aka buga tun kafin saukar damina, ga shi yanzu an fara tsinkar auduga. Ban zargi akawun ba, ba a ɗora masa wannan aiki ba, kuma ya yi mini ladabi har ya ba ni kujera. Amma na tsaya ina kallon kwalin nan, sai na ji warin maganin asu a hancina, alhali babu shi a ɗakin.

Daga nan na zaga bayan ofis inda ake ajiye motoci, na tambayi wanda ke kai muku man inji da bututu da abinci. Aka haɗa ni da Malam Garba direba, wani kakkauran mutum mai yawan barkwanci, wanda na tabbata ka sani. Ya ce kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yake tashi, ya kwana wurinku, ya komo Asabar. Na gaya masa buƙatata. Ya ce, “Baba, ni ko kaza aka ba ni ina kai ta da ranta, balle takarda da ba ta cin dawa.” Na ba shi goro, ya ce in na ƙara kawo masa irin wannan daushen zai kai ƙarata wurinka. Na ga alamar mutum ne da za a dogara da shi, amma ban tsaya ga alama ba, na tambayi mutum biyu a wurin, suka ba da shaida mai kyau. Ka girmama shi. Kada ka dube shi a matsayin direba kawai don kai ka yi makarantar koyon sana'a. Na riga na gaya maka abin da ya faru da aka raina direba.

Ga yadda na shirya, in kana da gyara ka rubuto. Adireshinka ɗaya ne tak daga yau, wato akwatin gidan waya na maigidan Rifkatu a Funtua, inda suke zaune. Ka sanar da duk wanda ke rubuto maka, kada ka ba wannan ofis, ka ba wancan gida, ka ba wani makaranta. Rifkatu za ta buɗe akwatin Talata da Alhamis in ta taso daga koyarwa, ta haɗa abin da ya zo cikin babban ambulan guda, ta miƙa wa Malam Garba hannu da hannu da safiyar Juma'a. Ni kuma zan riƙa aika mata tamu ta bas ɗin safe ran Laraba. Takardun hukuma da na jarrabawar da kake jira, za ta buɗe ta karanta, in akwai mai wa'adi ta san abin yi. Waɗanda suke zuwa cikin shuɗin ambulan daga makarantar koyon jinya, na hana ta taɓawa, ko ɗaga su a rana ta leƙa. Kada ka yi mamakin yadda na sani. Na yi ritaya daga aiki, ban yi ritaya daga gani ba.

Kowace takarda tamu za ta zo da lamba a kusurwar sama ta dama, wannan ita ce ta ɗaya. In ka karɓi ta huɗu sa'an nan ta shida ta zo, ka san ta biyar tana wani wuri, ka tambaya. Kai ma ka sa wa naka lamba. Ka kuma rubuto mini ranar da wannan ta shiga hannunka, da safe ne ko da yamma, domin in san ainihin kwanakin da hanyar take ci.

Saura magana mafi nauyi. Ka koma ka dubi abin da aka rubuto mini game da Inna. “Jikinta ya ɗan motsa.” “In ka sami sarari ka leƙo.” Daga baya na ji cewa ran da aka rubuta wannan, ta kwana biyar ba ta iya tashi zaune. Haka mutanenmu suke rubutu, ba sa son su tayar wa matafiyi da hankali. Ko da takardar ta same ni a kan lokaci, ina jin tsoron da na ce bari mu gama wannan gari tukuna. Mahaifiyarka kuwa ta fi Inna kawaici, ga kuma kunyar ɗan fari. Ba za ta taɓa buɗe baki ta ce a kira ka ba. Ranar da ciwon ya fi tsanani, ranar za ta ce a rubuta maka tana lafiya ƙalau. Jiya da motarku ta wuce, tana tsakar gida tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Da yamma na tarar ta jera takalmanka tsofaffi a bakin ƙofar ɗakinka, ta goge su.

Don haka ni da Rifkatu mun yi alkawari za mu ajiye kawaici a gefe. A ƙasan kowace takarda, bayan sa hannu, za ka ga ɗaya daga kalmomi uku da manyan baƙaƙe. In ka ga LAFIYA, lafiyar ce da gaske, na auna ta da idona, ba don in kwantar maka da hankali ba. In ka ga SHIRYA, jiki ya motsa, ka gaya wa shugabanku, ka haɗa jakarka, ka ci gaba da aiki kana saurare. In ka ga TAHO, kada ka tsaya gama rijiya, kada ka tsaya neman wanda zai riƙe maka aiki, ka shiga motar Malam Garba ko duk wadda ta fara wucewa. Idan abin ya zo da gaggawar da ba za ta jira Juma'a ba, za mu buga tangaraho zuwa gidan waya mafi kusa da ku, maigidan Rifkatu kuma ya hau babur ya nufo inda ka ce kuke. Ka ga dalilin da ya sa nake nacin sanin zangonku.

Ka je wurin shugabanku tun yanzu, tun ba abin da ya faru, ka gaya masa halin da ake ciki a gida. Na san za ka ji nauyi, sabon ma'aikaci da roƙon alfarma. Ka daure. Izinin da aka nema tun da wuri, ran buƙata tunatarwa kawai ake yi.

Kuma ka riƙa rubuto wa mahaifiyarka tata takarda dabam, da Hausa, da manyan baƙaƙe, domin idonta ya rage. In ka haɗa da tawa, ni ke karanta mata, ita kuwa ta gaji da ni. Wancan karon da kake makaranta, na tsaya a tsakiyar karatu ina nuna mata inda ka manta aya, sai ta ce, “Malam, ka karanta mini abin da yaron nan ya ce, ka bar gyaran, ba jarrabawa ya aiko ba.” Ka gaya mata abin da kuke ci, da wanda ke dafawa, da ko akwai gidan sauro a motar. Waɗannan take son ji. Zurfin rijiya da irin dutsen da kuka tarar, ni za ka rubuto wa, ina so.

Kada wannan takarda ta sa ka tafi da zuciya a rataye. Mahaifiyarka tana shan maganinta, ni nake ƙirga mata ƙwayoyin safe da yamma, ka kuwa san ba na kuskuren ƙirga. Mai yiwuwa ne ka gama watanninka ba ka ga komai a ƙasan takarda ba sai LAFIYA, ka dawo ka yi mini dariya, ka ce tsoho ya tayar da ofis guda a banza. Wannan dariya ita nake roƙon Allah ya ba ka. Ina alfahari da aikin da ka zaɓa. Na sha ruwan kududdufi a ƙauyukan nan da kuke zuwa, na san abin da rijiya take nufi gare su.

Allah ya kai ku kowane zango lafiya, ya sa ku sami ruwa duk inda kuka haƙa, ya tsare ka daga zazzaɓi da mugun abokin shawara. Ya ƙara wa mahaifiyarka kwana, ya maido mana da kai mu gan ka da idonmu. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Ishaya.

LAFIYA.

Abubuwan da na haɗo cikin wannan ambulan, ka duba ka tabbatar sun cika:

1. Ambulan ashirin, na rubuta adireshi na manna kan sarki a jikin kowanne. Goma sha biyu nawa ne, takwas na mahaifiyarka. In nata sun riga ƙarewa, ba zan ji haushi ba.

2. Takardar izini da ke ba Rifkatu ikon karɓar wasiƙunka masu rajista, kwafi biyu. Ka sa hannu inda na yi alama da fensir, ka maido da su ta hannun Malam Garba ran Asabar ɗin nan in yana komowa, ba mako mai zuwa ba.

3. Jerin garuruwan da ke da gidan waya a yankin da za ku bi. Inda na ja layi, ana karɓar tangaraho. Inda na sa alamar tambaya, ban tabbatar ba, ka bincika ka gyara mini.

4. Alƙalamin biro biyu, shuɗi da baƙi. Kada ka ara wa kowa baƙin.

5. Ƙullin yaji da daddawa. Mahaifiyarka ta ce in ce Rifkatu ce ta aiko. Na faɗa, kamar yadda aka umarce ni.

6. Wasiƙar farko daga cikin ukun nan, wadda Inna ta ce in na sami sarari in leƙo. Takardar ta yi laushi, ka buɗe ta a hankali. Ka ajiye ta inda idonka zai riƙa faɗawa a kanta, ba a ƙasan akwati ba. Wannan kaɗai ban yarda ka ba Malam Garba ko gidan waya ba. Kai za ka kawo mini ita, hannu da hannu, ka kuma tarar da mu duka biyu a tsakar gida, in Allah ya yarda.